Kwafi da Ɓoyayyen Kwafi: Yadda Wasiƙar Imel Ɗaya Ke Isa ga Mutane da Yawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe akwatinsa na imel don ya rubuta wasiƙa zai tarar da layuka uku na adireshi a sama, kafin gurbin da ake sa kan magana. In na'urarsa da Faransanci take aiki, kamar yadda akasarin namu suke a nan Nijar, zai ga À, Cc da Cci. In kuwa da Ingilishi ne, zai ga To, Cc da Bcc. A wayar hannu sau da yawa layin farko kaɗai ke fitowa, sai an taɓa wata ƴar kibiya sannan sauran biyun su bayyana. Yawancin ɗalibai layin farkon suka sani. Sauran biyun kuwa, ko dai su ƙyale su, ko su cika su ba tare da sanin abin da za su haifar ba.

Wannan takarda za ta bayyana yadda layukan uku ke aiki. Dangane da isar da wasiƙa babu bambanci ko kaɗan a tsakaninsu: duk adireshin da aka sa a kowane layi zai sami wasiƙar nan ɗaya, ta hanya ɗaya. Bambancin yana ga wa ke ganin sunan wa, da kuma matsayin da aka ba kowa a cikin zancen. Shi ya sa batun ya shafi ɗalibin harshe kamar yadda ya shafi ɗalibin kwamfuta.

2.0 Asalin haruffan

Haruffan Cc sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin daga ofisoshin zamanin keken rubutu suka fito. A da, in akawu zai buga wasiƙa kuma ana bukatar kwafinta, sai ya jera takardu biyu ko uku, ya sa wata siririyar takarda mai baƙin shafe ko shuɗi a tsakaninsu, ya cusa su gaba ɗaya cikin keken. Duk harafin da ya bugi ta sama, nauyin bugun zai ratsa ya bar sawunsa a ta ƙasa. Wannan ita ce takardar kabon. Wani ɗan Ingila mai suna Ralph Wedgwood ne ya yi rajistar ƙirƙirar ta a 1806, tun kafin keken rubutu ya shiga ofisoshi. Har yau ɗalibi na iya cin karo da ita a littafin rasit na wasu shaguna da tashoshin mota, inda ake yage takardar sama a ba mai biya, ta ƙasa ta zauna a littafi.

Takardar kabon ta zo da wata al'ada ta ofis, wadda ita ce muka gada. A ƙarshen wasiƙa, ƙasa da sa hannu, akan buga sunayen waɗanda za a aika wa kwafi. A ofisoshin ƙasashe masu aiki da Ingilishi, kamar Nijeriya da Gana, haruffan cc ake sawa a gaban sunayen. A takardun gwamnatin ƙasashe masu aiki da Faransanci kuwa, kalmar Ampliations ce ke yin wannan aiki, kuma duk wanda ya taɓa riƙe takardar hukuma a Yamai ko Damagaram ya san jerin da ke biyo ta. Amfanin jerin shi ne wanda aka rubuta wa ya san cewa ba shi kaɗai ya karanta ba. Alal misali, in shugaban makaranta ya rubuta wa malami takardar gargaɗi, ya sa sunan sufeto a ƙasa, malamin da kansa zai gane cewa maganar ta wuce tsakaninsu su biyu.

In kuma ana son a ba wani kwafi ba tare da mai wasiƙar ya sani ba, sai akawu ya gama bugu, ya zare takardar sama daga keken, sannan ya buga sunan mutumin a kan kwafin kaɗai. Asalin Bcc da Cci ke nan.

A 1971 Ray Tomlinson ya aika saƙon imel na farko daga kwamfuta zuwa kwamfuta a kan hanyar sadarwa ta ARPANET a Amurka, kuma shi ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'ura. Waɗanda suka tsara ƙa'idojin imel bayansa sun ɗauki fasalin takardar ofis kamar yadda suka same shi. Ƙa'idar da ta yi fice ita ce RFC 822, wadda David Crocker ya fitar a 1982. An sabunta ta a 2001, aka sake sabunta ta a 2008 da lamba RFC 5322, kuma layukan nan uku suna nan a cikin kowacce. Abu ɗaya ne ya ɓace a hanya. A keken rubutu, kwafi na huɗu ko na biyar yakan fito dishi-dishi, kowa kuma ya san wa ya sami ta asali. A imel babu ta asali, babu kwafi mai rauni. Duka iri ɗaya ne.

3.0 Ambulan da takardar ciki

A nan ne ya kamata ɗalibi ya tsaya ya natsu, domin duk abin da zai biyo baya a kan wannan sashe ya dogara.

Wasiƙar gidan waya tana da wurare biyu da ake rubuta suna. Akwai bayan ambulan, akwai kuma saman takardar ciki, inda ake cewa «Zuwa ga wane». Ma'aikacin gidan waya bayan ambulan kaɗai yake dubawa. In ka rubuta sunan yayanka a takardar ciki amma ka sa adireshin kawunka a ambulan, hannun kawunka za ta faɗa. Haka imel yake. Layukan À da Cc da muke gani a allo rubutun saman takardar ciki ne. Ambulan wani abu ne daban wanda mai rubutu ba ya gani, kuma shi ke kai wasiƙa.

Akwai manyan kwamfutoci masu karɓar wasiƙu da rarraba su, waɗanda a nan za mu kira gidajen waya. Suna magana da juna ta wata ƙa'ida mai suna SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982. Zancen nasu gajere ne. Gidan wayar mai aikawa zai fara faɗin daga wa wasiƙar ta fito. Sannan ya ambaci masu karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowane da umarnin RCPT TO. Ɗaya gidan zai amsa kowane suna da lamba: 250 na nufin ya karɓa, 550 kuwa yawanci na nufin babu akwati mai wannan suna. Sai an gama kiran sunaye sannan a miƙa takardar kanta. Wannan kiran sunaye shi ne ambulan.

Mu ɗauka Audu ya rubuta wasiƙa, ya sa Binta a layin À, Musa a layin Cc, Rabi kuma a layin Cci. Da ya danna aikawa, na'ura za ta kwashe adireshin mutum ukun ta zuba su cikin jeri ɗaya na ambulan, ba tare da wata alama mai nuna layin da kowa ya fito ba. A saman takardar ciki kuwa za ta bar sunan Binta da na Musa, ta cire layin da ke ɗauke da sunan Rabi. Daga nan gidan wayar Audu zai dubi abin da ke bayan alamar @ a kowane adireshi. In Binta da Musa a Gmail suke, Rabi kuma a Yahoo, zai iya tuntuɓar Gmail sau ɗaya, ya kira sunaye biyu, ya miƙa takarda ɗaya, Gmail ya saka ta a akwati biyu. Sannan ya tuntuɓi Yahoo saboda Rabi. Ke nan Rabi ta sami wasiƙa wadda ke cewa zuwa ga Binta, kwafi ga Musa. Tana ganin su, ba sa ganin ta.

Wannan tsari na bayyana wasu abubuwa da kan ɗaure wa mutane kai. In adireshi ɗaya cikin goma ya mutu, sauran tara za su sami wasiƙarsu, mai aikawa kuma ya sami sanarwar cewa ɗaya ba ta isa ba. Bai kamata ya sake aika wa duka goman ba. Haka kuma, tun da ambulan daban takarda daban, rubutun saman takarda na iya yin ƙarya. Shi ya sa wani lokaci saƙon ƴan damfara kan shigo akwatinka alhali sunan wani ne a layin À. Ganin sunan mutum a layin Cc ma ba hujja ba ce cewa wasiƙar ta isa gare shi, balle a ce ya karanta.

Ɓoyon da Cci ke yi yana da iyaka. Daga idon sauran masu karɓa kaɗai yake ɓoye suna. Gidajen wayar da wasiƙar ta ratsa sun san wanda suka kai wa, kuma kwafin da ya rage a akwatin Audu na wasiƙun da aka aika yana ɗauke da sunan Rabi. Bugu da ƙari, ƙa'idar 2008 ba ta tilasta hanya ɗaya ba. Hanyoyi uku ta ambata. Ana iya cire layin gaba ɗaya, ana iya barin sa babu komai a ciki, ana kuma iya aika wa masu ɓoyayyen kwafi takarda daban wadda layin ke ciki. A wannan hanya ta ƙarshe, in na'urar ta bar sunayen duka, masu ɓoyayyen kwafi za su ga juna. Manyan kamfanoni irin su Gmail ba sa yin haka, amma wanda ke aiki da tsohuwar na'urar wani ofis gara ya gwada tukuna da adireshin abokai biyu.

4.0 Wa ake wa magana?

Masana walwalar harshe sun daɗe da lura cewa raba zance gida biyu, mai magana da mai sauraro, bai wadatar ba. Erving Goffman ya yi dogon bayani a kan haka a littafinsa na 1981. Allan Bell kuma, a 1984, ya kasa masu sauraro gida huɗu. Akwai wanda ake wa magana kai tsaye. Akwai wanda ke cikin zaman, an yarda da shi, amma ba da shi ake ba. Akwai wanda ke kusa, an san yana ji, amma ba ya cikin zaman. Sai kuma mai laɓe, wanda ba a ma san yana nan ba. Bell ya nuna cewa mai magana kan daidaita salonsa da na farko fiye da kowa, amma na biyu ma yana da tasiri a kan zaɓen kalmominsa.

Layin À na rukunin farko ne, layin Cc na rukuni na biyu. A al'adarmu sunan mai layin Cc shi ne shaida. In ana ciniki ko ana ba da bashi, akan juya ga wani na gefe a ce, «Malam, ka zama shaida.» Ba a jiran ya biya, ba a jiran ya karɓa, amma zamansa a wurin ya sauya nauyin maganar. Haka wanda aka sa a Cc: ba a neman amsa daga gare shi, kuma ba laifi ba ne in ya yi shiru. Mai layin Cci kuwa bai dace da ko ɗaya cikin gidajen Bell ba sosai. A wurin Audu, Rabi shaida ce da ya gayyata. A wurin Binta, mai laɓe ce. Wato mai laɓen da mai gida ya ajiye da kansa a bayan zana.

Tun da an ambaci zana, ɗalibin adabi ya san gugar zana, inda ake fuskantar wani da magana alhali wani ake so ya ji. Layin Cc na yin wannan aiki ƙwarai a ofisoshi. Ma'aikaci zai rubuta wa abokin aikinsa cikin ladabi yana tuna masa aikin da bai gama ba, sannan ya sa shugabansu a kwafi. Babu kalmar ƙara ko ɗaya a cikin wasiƙar, amma an kai ƙara, kuma wanda aka rubuta wa ya san an kai. A ganina ɗalibi ya yi taka-tsantsan da wannan. In malami bai amsa wasiƙarka ta farko ba, ka sake tuna masa shi kaɗai. Sa shugaban sashe a kwafi tun a karo na biyu, malamin zai ɗauke shi a matsayin tsallake shi, ko da ba haka ka nufa ba.

Hausa na da wani abu a nan wanda Ingilishi ba shi da shi, Faransanci ma bai kai ta ba. Wakilin suna na mutum na biyu yana nuna jinsi da adadi: ka, ki, ku. Jimlar «Ka kawo takardun ranar Litinin» namiji ɗaya take nufi. In maza biyu ne a layin À, kowannensu na iya zaton da ɗan'uwansa ake, Litinin ta zo babu takardu. In aka ce «Ku kawo» kuma akwai mutum ɗaya a À da uku a Cc, ba a san ko ku na girmamawa ba ne ko na jam'i. Mafita ita ce a daidaita layuka da nahawu. Duk wanda ke layin À a ambaci sunansa a gaisuwar farko, a yi masa magana da wakilin suna na mutum na biyu. Wanda ke layin Cc kuwa a ambace shi da na mutum na uku: «Na sa magatakardar sashe a kwafi don ta shirya ɗakin taro.» Da wannan jimla kowa ya san matsayinsa.

Jerin sunaye a cikin layi ɗaya bai dami na'ura ba, amma ya dami mutane. A wasiƙar aiki a fara da babba.

5.0 Inda ake tuntuɓe

Maɓallan amsa biyu ne. Na farko mai aikawa kaɗai yake mayar wa amsa. Na biyu, wato amsa ga kowa, yana kwashe sunayen da ke saman takardar ciki, tun da su kaɗai yake iya gani. Don haka in Binta ta amsa ga kowa, Audu da Musa za su samu, Rabi ba za ta samu ba. Amma in Rabi ce ta manta matsayinta ta danna wannan maɓalli, amsarta za ta faɗa akwatin Binta da na Musa, asirin Audu ya tonu. Wanda ke son wani ya ga wasiƙa a asirce, gara ya aika ta tukuna, sannan ya tura masa kwafi daban tare da kalma ɗaya ko biyu na bayani. Ni dai ina ganin ajiye mutum ɗaya a Cci don ya saurari zancen da ake yi da wani ya yi kusa da annamimanci, kuma da wuya a rasa wata hanyar da ta fi ta.

Akwai kuma matsalar yawa. In malami ya aika wa ɗalibai 60 sanarwa, duk a layin Cc, kowane ɗalibi kuma ya amsa ga kowa da «Na gode, Malam», kowace amsa za ta je akwati 60, wato kwafi 3,600 ke nan na godiya. Ga wanda ke sayen lokacin intanet da ƴan kuɗin aljihunsa, wannan ba abin dariya ba ne. Wani tarkon shi ne ƙara sabon mutum a Cc bayan zance ya yi nisa. Amsoshin baya galibi suna nan jere a ƙasan wasiƙar, kuma zai karanta su duka, har da abin da aka faɗa a kansa kafin a gayyato shi.

Inda Cci ya zama wajibi shi ne in za a rubuta wa mutane da yawa waɗanda ba su san juna ba. Adireshin imel sau da yawa cikakken sunan mutum ne, kuma zama cikin wani jeri kaɗai na iya tona sirri. A watan Satumba na 2015 wani asibiti a Landan mai suna 56 Dean Street, wanda ke kula da masu ɗauke da ƙwayar HIV, ya aika wa mutum 781 wasiƙar labarai, aka sa adireshinsu a layin da kowa ke gani maimakon ɓoyayyen layi. Adireshi 730 daga ciki na ɗauke da cikakken suna. A 2016 hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya ta ci hukumar asibitin tarar fam 180,000. A ranar 20 ga Satumba 2021, wata guda da ƴan kwanaki bayan Taliban sun karɓe Kabul, ma'aikatar tsaron Birtaniya ta yi irin wannan kuskure a wasiƙar da ta aika wa ƴan Afganistan da suka yi mata aiki, masu jiran a kwashe su. Bayanan mutum 245 suka bayyana ga juna. Mutum biyu suka amsa ga kowa, ɗayansu har ya faɗi inda yake. A Disamba 2023 aka sanar da tarar fam 350,000. A duka biyun babu ɓarawon da ya fasa kwamfuta. Layi kawai aka sauya.

Abin bai yi mana nisa ba. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, Nijeriya kuma a 2023. Ɗalibin da ya tattara bayanai a fagen bincike, ya yi wa waɗanda ya zanta da su alkawarin sakaya sunayensu, sannan ya aika musu godiya gaba ɗaya a layin Cc, ya karya alkawarin. Hanyar da ta dace ita ce ya sa adireshinsa na kansa a layin À, ya zuba nasu a Cci. Mai neman gurbin karatu a waje kuwa, ko Cci ba zai cece shi ba. Farfesan da ya ga sunayen wasu goma sha tara kusa da nasa ya san ba shi aka zaɓa ba, wanda kuma ya sami wasiƙar da babu sunansa a gaisuwa zai gane haka nan take. Kowane ɗaya a rubuta masa tasa.

6.0 Da wane suna za mu kira su?

Faransanci ya sami sa'a, domin haruffan Cc sun dace da copie conforme, kalmar da ofisoshi suka riga suka sani, don haka ba sai an koma ga takardar kabon ba. Mu ma babu dalilin jawo kabon cikin sunan Hausa, tun da yawancin ɗaliban yau ba su taɓa ganin sa cikin keken rubutu ba. Kalmar aro kwafi ta zauna daram a harshen, tana ɗaukar mahaɗi da mafayyaci kamar kowane suna: kwafin, kwafinta, kwafinsu. Ta isa ta tsaya a layin Cc, ko a faɗaɗa ta zuwa kwafin sanarwa in ana son a nuna aikinta. Layin farko kuma Zuwa ga ya wadatar, don haka muke buɗe wasiƙa tun fil azal.

Layi na uku ne ke da tarko. Harafin B na Bcc daga kalmar Ingilishi mai nufin makaho ya fito, kuma mai fassara kalma da kalma zai ce makahon kwafi. Wannan ya juya ma'anar. A misalinmu Rabi ce mai gani fiye da kowa, Binta da Musa ne ba sa ganin ta. Harafin i na Cci, mai nufin abin da ba a gani, ya fi kusa da gaskiyar lamarin. Kwafin sirri ma bai dace ba, domin mai ji zai zaci abin da ke cikin wasiƙar ne sirrin, alhali mai karɓa ne aka sakaya. Don haka a wannan takarda aka zaɓi ɓoyayyen kwafi. Ɗalibai su gwada wannan suna a kan mutum biyar da ba su karanta takardar ba, su tambaye su abin da suka fahimta da shi, su kawo amsoshin aji tare da duk wani suna da suke ganin ya fi shi.